Kwalba da Alli: Yadda Karatun Kemistiri Ya Zo Tamale

A 1876 aka buɗe Mfantsipim a Cape Coast, makarantar sakandare ta farko a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Arewacin ƙasar bai samu tasa ba sai 1951, lokacin da gwamnati ta buɗe sakandaren Tamale, wadda kowa ya sani da Tamasco. Shekara 75 ke nan tsakani. Duk mai son yin maganar karatun kemistiri a garin nan, daga wannan tazara ya kamata ya fara, domin kemistiri ba a koyon sa a gindin bishiya. Yana bukatar ɗaki, da famfo, da wuta, da kwalabe, da malamin da shi ma ya taɓa riƙe su da hannunsa. Inda babu sakandare, babu shi. Na karantar da darasin nan har na yi ritaya, ina zaune a unguwar Bulpiela, kuma abin da na gani shi ne tarihinsa a wurinmu tarihin hannu ne: wane yaro ne ya samu ya taɓa kayan gwaji, wane ne kuma aka zana masa su da alli a jikin allo aka ce ya haddace.

Makarar da muka yi ba ta faɗo daga sama ba. Tun 1899 gwamnan Turawa na bakin teku, Frederick Hodgson, ya rubuta cewa ba shi da niyyar kashe wa yankunan arewa ko kwabo fiye da abin da ya zama dole. A 1907 aka ɗauke hedikwatar yankin daga Gambaga aka dawo da ita Tamale, a 1909 aka buɗe firamaren gwamnati ta farko a garin. Amma abin da Turawa suke nema a wurinmu ƙarfi ne: lebura na haƙar zinariya a Tarkwa da Obuasi, 'yan ƙodago na gonakin koko, da samari na aikin soja da ɗan sanda. Mai neman lebura ba ya gina ɗakin gwaje-gwaje. Da Gwamna Guggisberg ya buɗe makarantar Achimota a 1927 da gine-ginenta na kimiyya, mu abin da ya zo mana makarantar koyon sana'a ce ta kafinta da gini. Kwalejin horon malamai ta Bagabaga ta zo a 1944. A 1948, lokacin da ɗan ƙasa F. G. Torto ya soma karantar da kemistiri a sabuwar kwalejin jami'a da ke Accra, babu yaro ko ɗaya a duk faɗin ƙasar Dagbon, inda Tamale take, da zai iya zama a garinsu ya ji abin da ake nufi da asid a cikin aji.

Sai dai kuma mu mutanen zango mun ƙara wa kanmu makara a kan makara. Iyayenmu sun zo ƙasar nan ta hanyar goro, daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma suka watsu zuwa Yendi da Kete Krachi da Kumasi, daga baya Tamale. Sun zo da allo da tawada da littattafan fiƙihu, suna da iliminsu, kuma suna kallon makarantar Bature a matsayin ƙofar fita daga addini. Ba na zargin su, don sun ga yaran da suka shiga makarantun mishan suka fito da wasu sunaye. Amma sakamakon shi ne, ko da aka buɗe Tamasco, 'ya'yan sarakuna da 'ya'yan ma'aikata da yaran da fada-fada suka rena a Navrongo da Jirapa su ne suka cika azuzuwa. Ɗan zango yana makarantar allo, in ya sauke ya kama sana'ar ubansa.

Sana'ar mahaifina jima ce, a majemar Zangon Hausawa da ke nan Tamale, wadda har gobe ana aiki a cikinta. Ina so in ɗan tsaya a nan, domin a majema na fara ganin abin da daga baya aka ba ni sunayensa da Turanci. Fatar akuya ko ta tunkiya takan kwana a ruwan toka, gashi ya saki, a kankare shi da wuƙa a kan gungume. Daga nan sai a jiƙa ta a cikin abin da zai sassauta ta, kowane gida da nasa haɗin. Sannan babban aiki: a daka bagaruwa, a jiƙa, a tsoma fata a ciki ana murzawa har ruwan ya ratsa ta. Fatar da ta sha bagaruwa ba ta ruɓewa, ko da ta jiƙe ta bushe. In ana son ja, karan dafi ne da ɗan kanwa. In ana son baƙi, sai a kawo kuloko, ruwan da tsohon ƙarfe ya daɗe a ciki, a shafa. Nan take wurin ya yi baƙi ƙirin. Baba bai san cewa a cikin bagaruwa akwai sinadarin tanin da ke ɗaure zaren furotin na fata ba, bai kuma san cewa haɗuwar tanin da narkakken ƙarfe ce ke haifar da baƙin ba, wadda da ita Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yin tawadar rubutu. Amma ya san adadin bagaruwar da fata goma za su ci, ya san ruwan tokar da ya yi kaifi har zai cinye fata, da yatsa yake gane shi, in ya ji santsi. Wannan santsin shi ne alamar farko da littafi ya lissafa ta ruwa mai kaifin toka. Haka marina na Daboya, a bakin Farin Volta, suke tsoma zare a ramin baba ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonka, yadda ake yi a Ƙofar Mata ta Kano. Haka mata masu man kaɗanya da masu sabulun toka. Garin cike yake da masu aikin kemistiri tun kafin darasin ya iso, kuma da ya iso bai tambaye su komai ba.

Bayan 1951 abubuwa sun yi sauri. Shekarar ce Kwame Nkrumah ya zama jagoran harkokin gwamnati aka kawo shirin gaggauta ilimi. A 1952 aka kafa hukumar jarrabawa ta WAEC da hedikwata a Accra, wadda ta haɗa mu da Najeriya da Saliyo da Gambiya a kan takardar jarrabawa iri guda. Shi ya sa har yau in malamin kemistiri na Tamale ya haɗu da na Zariya ba sa bukatar tafinta. Gwamnatin Nkrumah ta ware wa yaran arewa tallafi na musamman, ta ɗauke wa iyaye kuɗin kwana da abinci, kuma a 1960 aka buɗe sakandare ta Ghanasco. Malaman kimiyya kuwa aro aka yi. Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da 'yan sa-kai na Peace Corps daga Amurka suka sauka, a watan Agustan 1961, kuma aikin koyarwa a sakandare aka ba su. Akwai 'yan Ingila da 'yan Kanada da Indiyawa, ga kuma 'yan kudu da aka turo su arewa suna kuka, wasunsu suka zauna har suka yi aure a nan. Tamasco ta yaye Aliu Mahama da Mahamudu Bawumia, Ghanasco ta yaye John Mahama. Sunayen 'yan siyasa ne ake ambata, amma likitoci da masu haɗa magunguna da injiniyoyin farko na arewa ta ɗakunan gwajin makarantun nan biyu da 'yan uwansu ƙalilan suka bi.

Ni a shekarun 1970 na shiga, bayan wani kawuna direba ya yi ta rarrashin Baba har ya yarda, bisa sharaɗin ba zan bar karatun dare ba. Tsarin lokacin doguwar hanya ce: firamare shekara 6, midil 4, sakandare 5, sannan aji shida shekara 2, jimla 17 kafin jami'a, ko da yake mai ƙoƙari kan tsallake wani ɓangare na midil. Mu kaɗan ne, wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ƙarancinmu ya sa kowa ya samu wurin tsayuwa. Ɗakin gwajinmu yana da dogayen tebura na katako mai kauri da asid ya ciccinye, kowane wuri da bakin gas da kwatami. Mutum biyu ke raba buret ɗaya, wato dogon bututun gilashin da ake auna asid da shi. Akwai wani dattijo ma'aikacin ɗakin, ba shi da digiri, shi ke haɗa ruwan gwaji tun da asuba, shi ke tace ruwa da tukunyar turiri, shi ke lanƙwasa bututun gilashi a kan wuta. In ka fasa kwalba sai ya rubuta sunanka a littafi, ka biya ƙarshen zango. A wurinsa na koyi cewa asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma ya sa na taɓa gindin kwalbar na ji zafin da ke tashi. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani.

Wannan zamani bai daɗe ba. Daga tsakiyar shekarun 1970 tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, sidi ya zama takarda, kaya suka ɓace daga kanti sai a kasuwar kalabule, wato ta bayan fage. Duk kayan ɗakin gwaji daga waje ake sayo su da kuɗin waje, to su suka fara yankewa. Albashin malami ba ya kai shi mako biyu. A daidai lokacin Najeriya na cikin kuɗin mai tana buɗe makarantu, sai malaman kimiyya da lissafi suka kwashe jakunkunansu. Duk wanda ya yi sakandare a Kano ko Sakkwato ko Katsina a wancan lokaci zai tuna da malaminsa ɗan Ghana. Littafin kemistiri da ya fi kowane shahara a makarantun Najeriya, wanda yara ke kira Ababio kawai, ana buga shi a Onitsha, marubucinsa Osei Yaw Ababio sunan mutanen Akan yake ɗauke da shi. Abin da ya zama alheri ga ɗalibin Kano shi ne ya bar ɗalibin Tamale da aji babu malami. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo, suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. Wasu malaman sun dawo aji, da yawa ba su dawo ba, kuma waɗanda suka dawo kudu suka fi zama.

A kan wannan kango aka gina gyaran 1987 na gwamnatin Rawlings. An rushe midil, an kawo ƙaramar sakandare ta shekara 3 da babbar sakandare ta shekara 3, shekara 17 ta koma 12. Rukunin farko suka shiga babbar sakandare a 1991, suka rubuta sabuwar jarrabawar SSSCE a 1993, sakamakon ya yi muni har ƙasa ta ɗauka. A sabon tsarin kowane ɗalibi dole ya yi kimiyya ta bai-ɗaya, kemistiri zalla kuma ya zama na zaɓi, na 'yan ajin kimiyya da na noma, tare da fiziks da bayoloji da lissafi mai zurfi. Abin da a da ake shimfiɗawa a shekara biyar har da ɗanɗanon aji shida, aka dunƙule shi a shekara uku. Ƙungiyar malaman kimiyya ta GAST ta fitar da littafinta, kuma littafi ne mai kyau. Niyyar gyaran ma mai kyau ce, ba na cikin masu kukan a koma tsohon tsari, domin tsohon tsari ne ya bar 'yan uwana a waje. Amma an buɗe sababbin makarantu na jeka-ka-dawo a gundumomi, an rubuta kimiyya a jikin allon ƙofa, alhali ciki babu ko famfo.

Shekarar 1987 ta kawo wasu abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, an kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi. Kafin nan malaman Tamale sun riga sun share hanya: Afa Ajura da makarantarsa ta Anbariyya, da Malam Basha da Nuriyya, wadda tana cikin na farko da suka yarda a haɗa Larabci da boko a rufi ɗaya. Uba ya samu inda zai kai ɗansa ba tare da fargaba ba, kuma cikin shekara goma fuskokin ajina suka canza, 'ya'yan mahauta da majema da masu sayar da goro suka fara cika benci. A yau akwai babbar sakandaren kimiyya ta Islamiyya a garin nan, abin da Baba ba zai taɓa zato ba. Na biyu, a shekarar ce aka fara tarukan hutu na jawo 'yan mata zuwa kimiyya da lissafi. A ajinmu na ɗalibta 'yan mata ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Gasar kimiyya da lissafi ta talabijin da aka fara a 1993 ta taimaka ƙwarai, musamman da yake mai yin tambayoyin a lokacin mace ce, Farfesa Marian Ewurama Addy, masaniyar sinadaran jikin halittu. Yarinya a Bulpiela ta ga mace baƙa na gyara wa samarin manyan makarantu lissafin mol, wannan ya fi wa'azin malami goma. Sannan a 1992 aka kafa jami'ar UDS a Tamale, da reshen noma a Nyankpala da makarantar likitanci daga baya, sai yaro ya ga inda darasin zai kai shi ba tare da ya ƙetare Volta ba.

A tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta yi wata dabara: tunda ba za a iya gina ɗakin gwaji a kowace makaranta ba, aka kafa cibiyoyin kimiyya 110, ɗaya a kowace gunduma, aka zuba kaya daga Ingila har da kwamfuta, aka ba kowace bas ta riƙa ɗauko yaran makarantun kewaye. Da babu gara ba daɗi, kuma shekarun farko abin ya yi aiki. Na ga yaran ƙauye sun sauko daga bas suna rawar jiki, suna tsoron taɓa kwalba. Amma bas na cin mai da taya, sinadari na ƙarewa, kuma ba a tanadi kuɗin maye gurbi yadda ya kamata ba. Rikicin 1994 tsakanin Konkomba da maƙwabtansu shi ma ya kori malamai 'yan kudu da dama daga yankin, wasu ba su sake waiwayowa ba.

Bari in faɗi yadda jarrabawar gwaji take, don wanda bai sani ba ya gane abin da ake rasawa. Takarda uku ake yi: ta zaɓi, ta rubutu, da ta gwaji. A ta gwajin, tambaya ta farko awon asid ne. Yaro zai zuƙi ruwa mai kaifin toka da bututun awo, yawanci santimita kubik 25, ya zuba a kwalba, ya ɗiga alamar launi, sannan ya buɗe bakin buret asid ya riƙa sauka yana kaɗa kwalbar da ɗaya hannun. Ruwan rawaya ne. Akwai ɗigo ɗaya tak da zai juya shi zuwa ruwan lemo. Wanda ya wuce ɗigon nan ya ɓata. Zai maimaita har awonsa su yi kusa da juna, sannan ya yi lissafi. Tambaya ta biyu a ba shi gari ko ruwa da ba a faɗi sunansa ba, ya gano abin da ke ciki: in ya ɗiga soda ya ga dusar kore, ƙarfe ne mai caji biyu, in ja-ja ce kamar tsatsa, mai caji uku, in shuɗiya ce, tagulla, in iskar da ta tashi ta mai da ruwan farar ƙasa fari kamar madara, kabonet ne. Hukumar jarrabawa kan aiko wa makaranta jerin abin da za a tanada kafin ranar, malami ya haɗa, ya yi nasa awon ya rubuta, da shi ake auna na yara.

Duk wannan aikin yatsu ne da ido. A wata makaranta da na yi aiki, yaran aji uku sun kai wata biyu kafin jarrabawa ba su taɓa buɗe bakin buret ba. An zana musu shi a allo, sun haddace teburin sakamako, sun san cewa za su rubuta an ga farar dusa tun kafin su ga kwalbar. Wasu sun ci jarrabawar ma, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da faɗuwarsu, domin an koya musu rubuta abin da ba su gani ba, alhali tushen ilimin nan gaba ɗaya shi ne kada ka rubuta sai abin da ka gani. Yaron da ya saba da haka, gobe shi ne a ɗakin gwajin asibiti da jinin mahaifiyar wani a hannunsa. Mu malamai mun yi 'yan dabaru. In tataccen ruwa ya yanke, mukan tari ruwan sama bayan rufi ya wanku. In babu gas, kurfoti da gawayi. In alamar launi ta ƙare, sai in aiki yaro kasuwar Aboabo ya sayo zoɓo, wanda a nan ake kira sobolo: jiƙonsa ja ne a cikin tsami, in ka ɗiga ruwan kanwa ya koma kore mai duhu. Ranar da na fara yin haka wata yarinya ta ce, "Masta, ashe shi ya sa Mma ke sa kanwa a miyar yakuwa." Ta gane kashe tsami da kaifi a minti ɗaya, abin da na yi mako ina bayani da Turanci. Kada a manta, yaranmu da Dagbanci ko Hausa suke tunani, Larabci suka fara karantawa, Turanci harshe na uku ne ko na huɗu. Kwalba ce kawai ke yi musu magana ba tare da fassara ba.

Sauran canje-canjen sun zo a gurguje. A 2006 Ghana ta koma jarrabawar WASSCE tare da sauran ƙasashen yankin, maki daga A1 zuwa F9. A 2007 gwamnatin Kufuor ta mai da babbar sakandare shekara 4, a 2009 gwamnatin Atta Mills ta dawo da ita 3, har a 2013 rukuni biyu suka rubuta jarrabawa tare. A ganina shekara huɗun nan ta fi yi wa ɗan arewa amfani fiye da kowa, don shekarar farko takan tafi wajen gyara Turanci da lissafin da ya zo da su a karye, kuma a rukunan nan ne kawai na gama manhaja ba tare da gudu ba. A Satumban 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta mai da babbar sakandare kyauta, a 2018 yawan yara ya sa aka raba su zubi biyu, kore da ruwan zinariya, wasu na aji wasu na gida. Ina murna da kowane yaro da ya shiga. Amma ɗakin da aka gina wa mutum talatin ba ya faɗaɗa don an ninka masu shiga, kuma buret ɗaya da muka raba mu biyu yanzu mutum takwas ne ke kewaye da shi, ɗaya na aiki bakwai na kallo, kuma yawanci mai aikin namiji ne mai ƙarfin kafaɗa.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, tunda ba kowa zai zama likita ba? Amsata tana bakin dam ɗin unguwarmu. Ruwan famfon Tamale daga Dalun yake zuwa, inda ake jawo Farin Volta a sa masa alam da farar ƙasa da kulorin. In rani ya yi tsanani famfo ya ɗauke, mata da yara kan gangara dam da bokitai, su ɗebo ruwa ja, su kaɗa ƙullin alam a ciki, laka ta kwanta, sama ta yi garau. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin laka suna ɗauke da caji iri ɗaya da ke hana su haɗuwa, alam ya kashe cajin, su dunƙule su nutse. Amma alam ba ya kashe ƙwayar cuta, ruwan da ya yi garau na iya ɗauke da taifot, kuma in an zuba shi da yawa ruwan kan yi tsami ya dami ciki. Yankin nan ne ya fi ko'ina a Ghana shan wahalar kurkunu, sai a 2010 aka ga na ƙarshe a Diare ta wajen Savelugu, kuma da matata da maganin da ake aunawa a zuba a tafki aka ci ƙarfinsa. A gefen dam ɗin kuma masu lambu ne ke noman latas da kabeji da alayyafo, suna haɗa maganin ƙwari da na ciyawa da murfin kwalba a madadin ma'auni, babu safar hannu, wani ma ya wanke tankin feshin a ruwan da za a ɗiba. Suna sayen takin 15-15-15 ba tare da sanin abin da lambobin ke nufi ba. Lissafin yawan sinadari a cikin ruwa, wanda yara ke ƙi a aji ɗaya, shi ne dai lissafin murfi nawa a tanki ɗaya.

Haka zancen kaɗanya. Tun 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa man tsirrai har kashi 5 cikin ɗari a cakulan a madadin man koko, man kaɗanya na ciki, saboda ɓangarensa mai tauri yana narkewa kusa da zafin jikin mutum kamar na koko. Matanmu ke tsinto 'ya'yan da asuba cikin macizai, su dafa, su shanya. Mai saye kan ce tsamin man ya yi yawa ya rage kuɗi, kuma awon tsamin nan ba wani abu ba ne illa awon buret da ɗan aji biyu ya kamata ya iya. Ƙungiyar mata da ke da 'ya ɗaya mai iya wannan awo ba za a yi mata ciniki a duhu ba.

An shigo da sabuwar manhajar babbar sakandare a 2024, kuma ta yi maganar koyo ta hanyar aiki da hannu da amfani da abin da ke kewaye da yaro. Na karanta ɓangaren kemistiri, na ji daɗinsa. Manhajar 1987 ma ta faɗi makamancin haka. Abin da zan tambayi duk shugaban makaranta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin gina ƙofa mai ado shi ne abu uku: buret nawa ne masu aiki a ɗakinku, yaushe aka cika tukunyar gas, kuma wa ya gaji dattijon nan mai haɗa ruwan gwaji da asuba. A makarantu da dama da na sani, tun da irinsa suka yi ritaya ba a ɗauki kowa ba, malami ne ke koyar da azuzuwa shida a yini sannan a ce ya wanke kwalabe ya haɗa sinadari, shi ya sa makullin ɗakin ke kwana a aljihunsa har zango ya ƙare.